Turawan da suka ratsa Asiya ta ƙasa: Wa ya yi tafiyar, wa ya karɓi lambar yabo?

A daren 15 ga watan Yunin 2020, sojojin Indiya da na Sin suka yi arangama a wani kwari mai tsananin sanyi cikin tsaunukan da suka raba ƙasashen biyu. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba, domin akwai yarjejeniyar da ta hana hakan a bakin iyakar. Da duwatsu da kulake aka gwabza. Indiya ta ce ta rasa sojoji 20, ita kuwa Sin sai bayan wata takwas ta amsa cewa nata huɗu sun mutu. Sunan wurin, Galwan, ya zaga kafafen yaɗa labarai na duniya, amma kaɗan ne suka tambayi inda ya samo asali.

Ana danganta sunan ne da Ghulam Rassul Galwan, wani Musulmi ɗan garin Leh a yankin Ladak, wanda tun yana yaro ya shiga aikin kora dawakin kaya a ayarin Turawa masu binciken ƙasa, har ya kai ga zama madugu. Ya taki sa'ar da takwarorinsa ba su taka ba: sunansa ya hau taswira, kuma ya bar littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta da Turancin da ya tsinta a hanya, aka buga a 1923. Ɗaruruwan irinsa, masu ja-gora da tafintoci da 'yan kiwon raƙuma, sun shuɗe ba a san su ba.

An fi ba da tarihin Turawan da suka ratsa tsakiyar nahiyar Asiya daga wajajen 1830 zuwa 1930 a matsayin labarin jarumta: mutum guda, da raƙuminsa, da hamada. Akwai jarumtar, babu musu. Sai dai ƙasashen da aka ce sun gano ba dokar daji ba ce. Hanyoyi ne da fatake da masu ziyarar ibada suka yi fiye da shekara dubu suna bi, da zangonsu, da rijiyoyinsu, da sarakunan da ke karɓar kuɗin wucewa. Abin da Turawan suka zo da shi sabo abu biyu ne, awo da kwasa. Awon ya zama iyakokin ƙasashe, abin da aka kwasa kuma ya cika gidajen tarihi na Turai.

Dauloli biyu da sarari a tsakani

A farkon ƙarni na 19, tazarar da ke tsakanin iyakar daular Rasha da ƙasar Indiya da Turawan Ingila ke mulka ta kai kimanin mil 2,000. A cikin wannan sarari akwai masarautun Musulmi na Buhara da Khiva da Kokand, akwai Afganistan, akwai Turkistan ta Gabas wadda yau ake kira Xinjiang, sannan ga Tibet a can saman tsaunuka. Buhara dai ba baƙon suna ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami: garin Imam Buhari ne, kamar yadda Tirmiz, inda aka jingina Imam Tirmizi, take a bakin kogin Amu Darya.

Rasha ta riƙa gangarowa kudu sannu a hankali. Ta ci Tashkent a 1865, Samarƙand a 1868, Khiva a 1873, Kokand a 1876, sai Merv a 1884. Duk garin da ya faɗi sai hankalin mahukunta a Kalkata da Landan ya tashi, suna tambayar ko rundunar Rasha za ta iya ƙetare tsaunukan ta faɗo Indiya, kuma ta wace mashiga. Falke ya san kwana nawa ne daga Yarkand zuwa Leh, wannan ya ishe shi. Kwamandan soja kuwa so yake ya san mil nawa ne, tsayin mashigar ƙafa nawa ne, a wane wata ƙanƙara ke rufe ta, ko igwa za ta hau, ko akwai ciyawar dawaki dubu. Wannan buƙata ce ta biya kuɗin yawancin tafiye-tafiyen.

Turawan Ingila sun kira wannan gasa Babban Wasa. Hafsan da ake jingina wa kalmar, Arthur Conolly, bai ji daɗin wasan ba. Ya isa Buhara a ƙarshen 1841 don ya ceci wani hafsa, Charles Stoddart, wanda Sarki Nasrullahi ya tsare tun 1838, sai aka haɗa da shi. A watan Yunin 1842 aka fille wa dukansu biyu kai a dandalin ƙofar fada. Alexander Burnes, wanda ya shiga Buhara a 1832 ya fita lafiya, har littafinsa ya yi kasuwa a Landan, jama'ar Kabul ne suka kashe shi a Nuwamban 1841. A 1857 kuma aka kashe Bajamushe Adolf Schlagintweit a Kashgar.

Wanda ya tsira ya tsira ne da ɓad-da-kama. Arminius Vambery, masanin harsuna ɗan ƙasar Hungari, mai ɗingishi, ya iya Turkanci ƙwarai. A 1863 ya sanya tsumman darwishi, ya kira kansa Rashid Efendi, ya bi wasu alhazai da ke komawa gida daga Makka ta Tehran, suka kai shi Khiva da Buhara da Samarƙand. Alhazan nan su ne garkuwarsa, domin da an gane shi, da su ma ba su tsira ba. Takardun da gwamnatin Birtaniya ta buɗe a 2005 sun nuna cewa daga baya ya yi wa ma'aikatar harkokin wajenta aikin leƙen asiri.

Carbi mai ƙwaya ɗari

Da kashe-kashen suka yi yawa, gwamnatin Indiya ta hana hafsoshinta ƙetare iyakar arewa ba da izini ba, ita kuma Tibet ta rufe ƙofarta ga kowane Bature. Sai wani kyaftin na hukumar safiyo, Thomas Montgomerie, ya lura cewa 'yan kasuwa da masu ziyarar ibada na shiga suna fita babu mai tare su. Ya ba da shawarar a ɗauki 'yan ƙasa a koya musu awo a asirce. Wanda aka fara aikawa wani magatakarda ne Musulmi mai suna Abdul Hamid, wanda ya tafi Yarkand a 1863. Ya yi awon, amma ya rasu a hanyar dawowa. Takardunsa ne kaɗai suka iso.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Nain Singh, malamin makarantar ƙauye daga kwarin Johar a gindin tsaunukan Himalaya. An yi kimanin shekara biyu ana horar da shi a garin Dehra Dun. Abu na farko da ya koya shi ne tafiya da taku iri ɗaya, ko a hawa ko a gangare, ta yadda taku 2,000 zai zama mil ɗaya. Don kada lissafi ya ɓace masa, aka yi masa carbi. Carbin mabiya addinin Buddha ƙwaya 108 gare shi, nasa kuwa aka mai da shi 100 cif. Kowane taku ɗari sai ya ja ƙwaya ɗaya, idan carbin ya zagayo ya san ya yi taku 10,000, wato mil biyar. Wanda ya gan shi yana jan carbi yana motsa leɓe ba zai katse shi da surutu ba, ya ɗauka ibada yake.

Sauran kayan aikin ma haka aka ɓoye su. Mutanen Tibet suna da wani ɗan gwangwani mai mariƙi da suke juyawa, a cikinsa akwai addu'o'i a nannaɗe. A cikin nasa takardun lissafi ne. Na'urar auna tsayin taurari, wadda ke nuna nisan wuri daga tsakiyar duniya, tana ƙarƙashin wani ɓoyayyen gindi a akwatinsa. Zaibar da ake buƙata wajen wannan awo an ɗura ta a cikin wuri an toshe da kaki. Ma'aunin zafi kuma yana cikin sandarsa, domin ruwa yakan tafasa tun bai yi zafi sosai ba gwargwadon yadda mutum ya yi sama, saboda haka idan ya tsoma ma'aunin a tukunyar shayi yana iya lissafa tsayin wurin.

Da wannan shiri ya bi wani ayarin fatake ya shiga Lhasa, babban birnin Tibet, a watan Janairun 1866. Ya zauna kimanin wata uku, yana koyar da 'yan kasuwa lissafi don ya ci abinci, da dare kuma ya leƙa taurari a ɓoye. Wasu 'yan kasuwa biyu Musulmi 'yan asalin Kashmir sun gane cewa ba shi ne wanda yake iƙirari ba, amma suka rufa masa asiri, har suka ba shi rance ya jinginar da agogonsa. A hanyar komawa ya bi babban kogin Tsangpo ɗaruruwan mil yana awo. Tafiyar ta kai kimanin mil 1,200, kowane taku a ƙirge. Ya sake fita a 1867 zuwa wuraren haƙar zinariya na Thok Jalung, sannan a 1874 zuwa 1875 ya ratsa Tibet daga Leh har Assam.

A rahotannin da aka buga a lokacin ba a ambaci sunansa ba, sai dai a ce "malamin". Abokan aikinsa kuma haruffa biyu-biyu aka ba su a madadin suna. Sai bayan ya ajiye aiki, a 1877, Ƙungiyar Nazarin Labarin Ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya. Ƙungiyar nan ce, shekara 21 kafin haka, ta ba da irin wannan lamba ga Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Ɗaki ɗaya ne a Landan ake karanta rahoton Kano da na Lhasa.

Labarin Kinthup ya fi ban tausayi. Tela ne a garin Darjeeling, bai iya karatu ba. A lokacin ana gardama ko kogin Tsangpo na Tibet shi ne yake zama Brahmaputra a Indiya. A 1880 aka tura shi tare da wani malamin addinin Buddha, da umurnin su sassaƙa gungume 500 masu alama su zuba a kogin, a can ƙasa kuma a sa masu gadi su duba ko za su fito. Abokin tafiyar ya cinye guzurin, ya sayar da Kinthup bawa, ya gudu. Kinthup ya tsere, ya fake a wani gidan ibada, ya nemi izinin fita ziyara, ya je ya sassaƙa gungumen ya ɓoye a kogo. Daga nan ya taka har Lhasa don ya aika da wasiƙar da ke faɗin ranar da zai sake su, ya sake dawowa, ya zuba su hamsin-hamsin har kwana goma. Wasiƙar ba ta isa hannun wanda ya aike shi ba, domin hafsan ya riga ya bar Indiya da rashin lafiya. Gungumen suka wuce babu mai kallo. Da Kinthup ya dawo gida a 1884 ya ba da labarin hanyar da ka, mutane da yawa ba su gaskata shi ba. Sai a 1913, da hafsoshi biyu, Bailey da Morshead, suka bi sawunsa, suka tarar bayaninsa daidai ne. Aka nemo shi yana nan yana ɗinki, aka ba shi rupi 1,000, bai jima ba ya rasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga kamfas zuwa bindiga

Rasha ba ta damu da ɓad-da-kama ba. Nikolai Przhevalsky, hafsan soja ne, ya yi manyan tafiye-tafiye huɗu tsakanin 1870 da 1885 cikin Mongoliya da hamadar Gobi da arewacin Tibet, kullum tare da sojoji riƙe da bindigogi. Ya tara dubban tsirrai da fatun dabbobi, har wani dokin daji na Mongoliya yana amsa sunansa a littattafan kimiyya. Rubuce-rubucensa cike suke da raina mutanen da ya ratsa ƙasarsu, kuma ya sha shawartar manyansa cewa ƙaramar runduna ta isa ta ƙwace yammacin Sin. Burinsa na shiga Lhasa bai cika ba: a ƙarshen 1879 jami'an Tibet suka mai da shi baya saura kimanin kilomita 250. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1888 a garin Karakol, cikin ƙasar Kirgistan ta yau.

A ɓangaren Ingila, Francis Younghusband ne ya fi nuna yadda mai bincike ke rikiɗa ya zama mai mamaya. A 1887, yana ɗan shekara 24, ya tashi daga birnin Beijing, ya ƙetare Gobi, ya bi ta Kashgar da Yarkand, ya haura mashigar Mustagh mai tsayin fiye da mita 5,000 ya faɗa Kashmir. A kan wannan mashiga wani ja-gora mai suna Wali, ɗan ƙauyen Askole, shi ne ya riƙa sare matakala a jikin ƙanƙara, aka ɗaɗɗaure rawuna da igiyoyin dawaki aka yi abin riƙo. Younghusband ya sami lambar zinariya a 1890.

Shekara 17 bayan waccan tafiya, shi ne ya jagoranci rundunar da gwamnan Indiya Lord Curzon ya aika Tibet, bisa zargin cewa Rasha na da hannu a Lhasa. Ranar 31 ga Maris 1904, a kusa da ƙauyen Guru, aka buɗe wa mayaƙan Tibet wuta da bindigar Maxim mai aman harsashi, alhali yawancinsu takubba da bindigogin toka ke hannunsu. An kashe tsakanin 600 zuwa 700. Ba a kashe ko mutum ɗaya a ɓangaren Ingila a ranar ba. Rundunar ta shiga Lhasa a watan Agusta, ba ta tarar da sojan Rasha ko ɗaya ba. Mai karatu zai lura da kusancin kwanakin: Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, daula ɗaya, irin bindiga ɗaya. Shi kansa Lugard a Indiya aka haife shi, kuma a yaƙin Afganistan na 1879 zuwa 1880 ya fara jin ƙarar harsashi.

A kan waɗannan taswirori aka ja layukan da ake kira iyakoki yau. Layin Durand na 1893 ya raba ƙabilar Pashtun gida biyu tsakanin Afganistan da ƙasar da ta zama Pakistan. A 1895 aka bar wa Afganistan wani siririn zirin ƙasa, Wakhan, wanda a wani wurin faɗinsa bai kai kilomita 20 ba, don kawai kada iyakar Rasha ta taɓa ta Ingila. Wani ma'aikacin safiyo, W. H. Johnson, da ya je Khotan a 1865, ya zana taswirar da ta sa tudun Aksai Chin cikin Kashmir. A 1899 Birtaniya ta gabatar wa Sin wani layin dabam da ya bar mata yawancinsa, Sin ba ta ba da amsa ba. A gabas kuma, layin McMahon na 1914 ya dogara ne a wani ɓangare kan awon Bailey da Morshead, kuma Sin ta ƙi rattaba hannu. Indiya da Sin sun yi yaƙi a kan waɗannan wurare biyu a 1962. Kwarin Galwan yana gefen Aksai Chin ne.

Hamadar Taklamakan

Yarjejeniyar da Birtaniya da Rasha suka ƙulla a 1907 ta rage zafin gasar soja, amma tun kafin nan wata gasar ta kunno kai, ta neman tsofaffin biranen da rairayi ya binne a kan hanyar fataucin da masanin Jamus Ferdinand von Richthofen ya raɗa wa suna Hanyar Siliki a 1877.

Ɗalibinsa Sven Hedin, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya buɗe wannan fage. Ranar 10 ga Afrilun 1895 ya tashi daga ƙauyen Merket da mutum huɗu da raƙuma takwas, da niyyar ƙetare yammacin hamadar Taklamakan. Ruwa ya ƙare musu a tsakiyar tuddan rairayi. Raƙuman suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu suka kasa, aka bar su, ba su fito ba. Hedin ya ja ciki har ya kai wani kududdufi a busasshen kogin Khotan, ya sha, ya cika takalmansa da ruwa ya kai wa Kasim, wanda ya faɗi a baya. Labarin takalman nan ya sa ya yi suna a Turai. A littafinsa ya ɗora laifin kan ja-goran, cewa an ce ya ɗebi ruwan kwana goma ya ɗebi na huɗu. To, ja-goran yana cikin waɗanda suka mutu, bakin Hedin kaɗai aka ji, kuma duba salkuna kafin tashi aikin shugaban ayari ne.

Babban abin da ake yabonsa da ganowa, tsohon birnin Loulan, wani ne ya fara ganinsa. A watan Maris na 1900 wani ma'aikacinsa mai suna Ordek, ɗan yankin tafkin Lop, ya manta da shebur ɗaya tilo da suke da ita a zangon baya. Ya koma ɗaukowa, guguwa ta ɓatar da shi, ya faɗa kan kangaye masu sassaƙaƙƙen katako. Hedin ya dawo a 1901 ya tono takardu da allunan rubutun Sinanci na ƙarni na uku da na huɗu. Shi dai Ordek, a tsufansa, shi ne ya kai wani masani ɗan Suwidin tsohuwar maƙabartar Xiaohe a 1934. Madugun Hedin a tafiyarsa ta Tibet kuwa, Muhammad Isa na Ladak, ya yi kusan shekara talatin yana ja wa Turawa ayari, ciki har da Younghusband. Ya rasu a bakin aiki a 1907, aka binne shi a can. Hedin ya rayu har 1952, amma goyon bayan da ya ba Hitler ya zubar masa da mutunci.

Kogon littattafai

Aurel Stein, haifaffen Budapest da ya zama ɗan Birtaniya, ya fi Hedin ilimi da tsari. Gwamnatin Indiya ce ke ba shi kuɗi da ma'aikatan safiyo irin su Ram Singh da Lal Singh, waɗanda ke auna ƙasa yayin da shi ke tono. A tafiyarsa ta farko, 1900 zuwa 1901, masu tonon dukiya na Khotan ne suka kai shi kangayen Dandan Uiliq da Niya. A nan ne kuma ya tona asirin wani mutumin Khotan, Islam Akhun, wanda ya lura Turawa na sayen duk wata tsohuwar takarda, sai ya buɗe masana'anta: ya ƙirƙiri haruffan da babu su a duniya, ya rina takarda, ya turara ta da hayaƙi, ya yayyafa rairayi. Wani babban masani a Kalkata ya yi shekaru yana ƙoƙarin karanta su.

Abin da ya ɗaukaka sunan Stein, ya kuma ɓata shi a Sin, ya faru ne a Dunhuang. A can akwai ɗaruruwan kogunan ibada na Buddha da aka sassaƙa a jikin dutse, ana kiransu Mogao. A 1900 wani tsohon soja da ya zama mai hidimar wurin, Wang Yuanlu, ya gano wata ƙofa da aka toshe tun farkon ƙarni na 11. A bayanta akwai ɗan ƙaramin ɗaki cike da dubban gomomin rubuce-rubuce a harsunan Sinanci da Tibet da Sanskrit da Uighur da wasunsu: littattafan addini, takardun bashi, ƙidayar gidaje, wasiƙu, har da takardun koyon rubutu na yara. Wang ya sanar da hukuma. Amsar da aka ba shi ita ce ya rufe ya tsare, domin babu kuɗin jigila.

Stein ya same shi a watan Mayun 1907. Bai iya karanta Sinanci ba, saboda haka magatakardansa Jiang Xiaowan ne ya yi cinikin, shi ne kuma ya riƙa ɗauko ƙunshin takardun da dare zuwa tanti. Stein ya gane cewa Wang na girmama Xuanzang, malamin Sin da ya taka zuwa Indiya a ƙarni na bakwai ya kawo littattafai, sai ya gabatar da kansa a matsayin mai bin sawun wannan malami, wanda ya zo mayar da littattafan inda suka fito. Ya tafi da akwati 24 na rubuce-rubuce da biyar na zane-zane, a kan azurfar da ta kai fam 130. A cikinsu akwai wani littafin addinin Buddha da aka buga a shekarar 868, wanda shi ne littafin ɗab'i mafi tsufa a duniya mai ɗauke da kwanan wata, kusan shekara 600 kafin injin Gutenberg. Yana Landan.

A 1908 Bafaranshe Paul Pelliot ya iso. Shi ya iya Sinanci, ya yi mako uku a tsugune cikin kogon da kyandir yana zaɓen mafi daraja, ya tura Paris. (Wani hafsan Rasha da ya fake a ayarinsa don leƙen asiri, Mannerheim, shi ne ya zama shugaban ƙasar Finland a 1944.) Sai da Pelliot ya nuna wa malaman Beijing kaɗan daga abin da ya samu hankalin gwamnati ya tashi, ta sa aka kwaso ragowar a 1910, jami'ai suka sace wasu a hanya. Duk da haka Japanawa da Rashawa sun sami rabonsu, Stein ma ya dawo a 1914 ya ƙara saye. A yankin Turfan kuwa Jamusawa, ƙarƙashin Albert Grünwedel da Albert von Le Coq, zarto suka sa suka yanko zanen bango sukutum, suka tura Berlin a tafiye-tafiye huɗu tsakanin 1902 da 1914.

Masu kare su suna cewa da ba a kwashe ba da sun lalace. Hujjar tana da ƙafa: manoma na kankare tsohon bango su yi taki, kuma sojojin Rasha da aka tsare a kogunan Mogao wajajen 1921 sun ɓata zane da yawa. Sai dai ƙafar guda ce. Manyan zanen da aka kai Berlin an liƙa su da siminti a bangon gidan tarihi, ba a iya cire su ba da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, bama-bamai suka hallaka 28 daga cikin mafi girma. Waɗanda aka bari a Mogao kuwa suna nan, kuma tun 1987 wurin yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Ginin Humboldt da ke Berlin, inda ake nuna zanen Turfan, a nan ne kuma ake nuna tagullar Benin da Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakarsu a 2022. Gidan Tarihi na Birtaniya yana riƙe da zanen Dunhuang da tagullar Benin duka, kuma dokar 1963 ta hana shi rabuwa da kayansa. Akwai bambanci da ya kamata a faɗa: da ƙarfin bindiga aka kwashe kayan Benin a 1897, na Dunhuang kuwa saye aka yi. Amma saye ne daga hannun mai gadi wanda hukuma ta ce ya tsare, kuma da dare aka yi jigilar.

Ƙofar ta rufe ne a hankali. Da Hedin ya dawo a 1927, malaman jami'o'in Beijing suka tilasta masa karɓar shugaba ɗan Sin a gefensa, da sharaɗin cewa abin da aka tono zai zauna a ƙasar. A 1930 Sin ta kafa dokar kare kayan tarihi. Stein ya shigo karo na huɗu a wannan shekara da kuɗin Jami'ar Harvard, aka sa masa ido, aka soke izininsa, ya fita a 1931 da hotuna kawai. Ya rasu a Kabul a 1943 yana da shekara 80, a can aka binne shi. Ɗakunan karatu na Landan da Paris da Beijing da wasu biranen suna ɗaukar hoton takardun suna sawa a intanet, ta yadda takardar da ta yage, rabi a wannan ƙasa rabi a waccan, ake iya haɗa ta a fuskar kwamfuta.

Shi kuwa Wang Yuanlu, wanda littattafan Sin suka daɗe suna la'anta, ya kashe azurfar ne wajen share rairayi daga bakin kogunan da gyaran gumaka da matakala. Ya rasu a 1931, almajiransa suka gina masa hasumiyar tunawa, tana nan tsaye a gaban kogunan.